Darasi na Goma Sha Ɗaya: Tayar da Sabobi ta Layin Sadarwa da Girka Musu Manhaja da Mazubi

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so mai koyo ya iya:

1. bayyana yadda kwamfutar da babu komai a faifanta take samun babbar manhaja ta waya;
2. bambance aikin DHCP da na TFTP da na HTTP a lokacin tashi;
3. karanta mazubin girki, ya nuna layukan da ke da haɗari a cikinsa;
4. kasa sabobi rukuni-rukuni gwargwadon aikinsu;
5. gano inda matsala take daga saƙon da ya fito a fuskar kwamfuta.

Gabatarwa

A ɗauka wata kwaleji ta sayo sabobi 24, an jera su a ɗakin na'urori, an ce ku girka wa kowace babbar manhajar Linux kafin a dawo hutu. Hanyar da kowa ya saba ita ce a ɗauki filash, a soka a saba ta farko, a zauna ana amsa tambayoyi: wane harshe, wane yankin lokaci, wane faifai za a goge, wace kalmar sirri. In an gama a zare, a matsa ta gaba. Idan kowace ta ci minti 40, aikin zai kwashe awa 16.

Ɓata lokacin ma da sauƙi. Babbar illar ita ce hannun ɗan Adam ba ya maimaita abu daidai wa daida sau 24. A saba ta bakwai za a manta saita agogo. A ta goma sha biyar za a raba faifai ba yadda aka raba na sauran ba. Ba wanda zai lura a ranar. Sai bayan wata shida, wata manhaja ta ƙi aiki a saba ɗaya tak, wanda ya yi girkin kuma ya bar aiki, a rasa wanda zai ce ga abin da aka yi mata daban.

Mai buga bulo ba ya sassaƙa kowane bulo da hannu. Mazubi ɗaya yake da shi, ya zuba yashi da siminti ya buga, dubu su fito girma ɗaya. Idan mazubin ya karkace, dubun nan duka karkatattu za su fito. Haka aikin da za mu koya yake. Duk shawarar da ake yankewa a gaban kwamfuta za mu rubuta ta sau ɗaya a fayil, sabobin su zo su ɗauka da kansu ta waya. Daga nan kulawarku ta tashi daga kan kowace saba ta koma kan fayil ɗin, domin alherinsa da sharrinsa duka sau 24 za su fito.

Asalin dabarar

Dabarar ta girmi yawancin kwamfutocin da muke amfani da su. A shekarun 1980 faifai yana da tsada, jami'o'i da kamfanoni a Amurka suna da kwamfutoci marasa faifai waɗanda dole su nemo manhajarsu daga wata babba. An wallafa ƙa'idar TFTP ta aika fayil a 1981. A 1985 Bill Croft da John Gilmore suka rubuta ƙa'idar BOOTP, wadda ke ba kwamfuta adireshi tare da sunan fayil ɗin da za ta tashi da shi. DHCP, wanda Ralph Droms ya jagoranci rubuta shi, ya fito a 1993 a kan tubalin BOOTP. Sai kamfanin Intel ya haɗa waɗannan ya fitar da tsarin PXE, wanda bugunsa na 2.1 ya fito a 1999, masu ƙera katin sadarwa suka rinƙa saka shi a cikin katin tun daga masana'anta. A 2015 tsarin UEFI ya ƙara da ikon tashi kai tsaye ta HTTP. Don haka kusan duk sabar da za ku taɓa a yau ta zo da wannan iko, kunna shi kawai ake yi a saitunanta.

Abin da ke faruwa daga kunnawa zuwa girki

Mu bi saba ɗaya daki-daki. Faifanta fayau yake, an kuma saita ta ta nemi tashi ta katin sadarwa.

*Mataki na ɗaya: neman adireshi.* Sabar ba ta da adireshin IP, ba ta san kowa ba. Abin da ta mallaka shi ne lambar MAC, lambar katinta mai gida shida, misali 52:54:00:aa:10:01. Sai ta yi shela ga duk wanda ke kan layin cewa tana neman adireshi. A cikin shelar tana faɗin cewa ita mai neman tashi ce ta PXE, ta kuma faɗi irin ƙirarta da lamba: 0 na nufin tsohon tsarin BIOS, 7 kuma UEFI mai bit 64. Sabar DHCP ta yi mata tayi, ta amsa ta karɓa, DHCP ta tabbatar. Wannan musayar saƙo huɗu tana bi ta ƙofofi masu lamba 67 da 68.

*Mataki na biyu: nuna hanya.* Tare da aron adireshin, DHCP tana faɗa mata abu biyu: adireshin sabar da ke riƙe da fayil ɗin tashi, da sunan fayil ɗin. A nan lambar ƙirar take aiki. Fayil ɗin BIOS ba ya tayar da injin UEFI, na UEFI ma ba ya tayar da na BIOS.

*Mataki na uku: ɗauko mai tayarwa.* Sabar ta je ƙofa ta 69 ta ɗauko fayil ɗin ta TFTP. Ƙa'idar TFTP ba ta tambayar suna ko kalmar sirri, kuma a asalinta gutsure-gutsure take aikawa, bayit 512 a lokaci guda, ba ta aika na gaba sai an ce na baya ya iso. Wannan sauƙin nata ne ya sa take iya shiga ɗan ƙaramin wurin da ke cikin katin sadarwa. Saboda jinkirinta, ƙananan fayiloli kaɗai ake bari su bi ta nan. Ga injin BIOS, fayil ɗin da aka fi sani shi ne pxelinux.0, na cikin tarin SYSLINUX da H. Peter Anvin ya rubuta. Ga injin UEFI da aka kunna wa Secure Boot, shimx64.efi ake fara ɗaukowa, shi kuma ya kira grubx64.efi. Akwai kuma iPXE, wanda ya ɓullo a 2010, mai iya ɗauko fayiloli ta HTTP da bin rubutaccen umarni.

*Mataki na huɗu: neman umarni.* Mai tayarwar ya shiga neman takardar umarninsa. PXELINUX yana duba foldar pxelinux.cfg, ya nemi fayil mai ɗauke da lambar wannan injin. Ga sabarmu, sunan fayil ɗin zai zama 01-52-54-00-aa-10-01. In bai samu ba ya gwada da adireshin IP, in duk ya rasa ya ɗauki fayil mai suna default. Ku riƙe wannan tsari da kyau, domin da shi ake ba kowace saba nata umarnin.

*Mataki na biyar: girki.* Umarnin ya sa aka ɗauko kanel, wato zuciyar babbar manhajar, da fayil ɗin initrd, aka ɗora su a ƙwaƙwalwar RAM. Manhajar girki ta tashi, ta ɗauko mazubi ta HTTP, ta karanta amsoshin tambayoyinta a ciki, ta raba faifai, ta kwaso manhajoji daga rumbu, ta sake kunna injin. Ba wanda ya taɓa madannai.

Shirya sabar girki

Kwamfuta ɗaya madaidaiciya ta isa ta riƙe DHCP da TFTP da HTTP. A ƙaramin wuri manhajar dnsmasq, wadda Simon Kelley ya rubuta, tana yin biyun farko ita kaɗai. Ga misalin saitunta:

```
interface=eth1
dhcp-range=10.10.0.100,10.10.0.200,12h
enable-tftp
tftp-root=/srv/tftp
dhcp-match=set:bios,option:client-arch,0
dhcp-match=set:uefi,option:client-arch,7
dhcp-boot=tag:bios,pxelinux.0
dhcp-boot=tag:uefi,shimx64.efi
dhcp-host=52:54:00:aa:10:01,yanar-01,10.10.0.11
```

Layin farko ya tsare dnsmasq a kan kati ɗaya, kada ta amsa shelar da ba tata ba. Na biyu ya ware adireshin da za a rinƙa ba da aro na awa 12. Layuka huɗun da ke ambaton bios da uefi su ne ke duba ƙirar injin su miƙa masa fayil ɗin da ya dace da shi. Na ƙarshe ya ɗaure lambar MAC ɗaya da suna ɗaya da adireshi ɗaya, ta yadda kullum sabar nan ita ce yanar-01.

Ga kuma takardar umarnin wannan saba a pxelinux.cfg:

```
default girka
label girka
  kernel rocky9/vmlinuz
  append initrd=rocky9/initrd.img ip=dhcp inst.repo=http://10.10.0.1/rocky9 inst.ks=http://10.10.0.1/ks/yanar-01.cfg
```

Kalmar inst.repo tana nuna inda rumbun manhajoji yake, inst.ks kuma inda mazubin yake.

Wannan rumbu ku ajiye shi a gida. A wurare da dama a ƙasashenmu data tana da tsada, layin kuma yana yankewa ba sallama. Ba hikima ba ce sabobi 24 kowace ta sauko da kaya iri ɗaya daga ƙetare. A sauko da su sau ɗaya, da umarni irin su dnf reposync a dangin Red Hat ko debmirror a Debian, a ajiye a sabar girki. Ban da rage kashe kuɗi, wannan yana tabbatar da cewa sabar da aka girka yau da wadda za a girka mako mai zuwa kaya ɗaya suka samu.

Mazubin girki

Kowane dangin babbar manhaja da irin mazubinsa. Red Hat, Fedora, Rocky Linux da AlmaLinux suna amfani da Kickstart. Debian tana da preseed. Ubuntu ta sabobi, tun bugun 20.04, tana amfani da autoinstall. SUSE na da AutoYaST, Windows kuma fayil ɗin unattend.xml. Rubutun ya bambanta, amma duka amsoshin tambayoyin girki ne aka rubuta tun kafin a yi tambayar. Za mu ɗauki Kickstart.

Ba sai kun fara daga farar takarda ba. Duk lokacin da aka girka manhajar dangin Red Hat da hannu, manhajar girkin mai suna Anaconda tana barin fayil a /root/anaconda-ks.cfg mai ɗauke da duk zaɓin da aka yi. Ku girka saba ɗaya a natse, ku ɗauki wannan fayil, ku gyara shi ya zama mazubinku na farko. Ga gajeren misali:

```
text
lang en_US.UTF-8
keyboard us
timezone Africa/Lagos --utc
network --bootproto=dhcp --hostname=$suna
rootpw --lock
user --name=maikula --groups=wheel --iscrypted --password=$sirri
ignoredisk --only-use=$faifai
zerombr
clearpart --all --initlabel --drives=$faifai
autopart --type=lvm
reboot

%packages
@^minimal-environment
chrony
$kaya
%end

%post
curl http://10.10.0.1/kammala/$suna
%end
```

Layin timezone ya sa agogon Najeriya. A Nijar sai a rubuta Africa/Niamey, a Gana Africa/Accra. Layin rootpw ya kulle asusun root don kada a shiga da shi kai tsaye, na user kuma ya buɗe asusun mai kula. Sashen %packages jerin manhajojin da za a saka ne, har da chrony mai daidaita agogo. Sashen %post umarnin da ake gudanarwa ne bayan an gama girki, a nan sabar tana sanar da cewa ta kammala.

Ku dubi kalmomi huɗun da alamar dala ta gabata: $suna, $sirri, $faifai da $kaya. Gurabe ne da aka bari. Anaconda ba ta san su ba. Manhajar da ke kula da mazubi ce ke cike su kafin ta miƙa wa kowace saba kwafinta. Saba yanar-01 za ta ga sunanta a gurbin $suna, yanar-02 ta ga nata. Waɗannan guraben su ne suka sa fayil ɗaya ya wadatar da injuna masu yawa.

Sai layuka ukun tsakiya: ignoredisk, zerombr da clearpart. Su ne mafi haɗari a duk fayil ɗin. Layin clearpart yana share abin da ke faifai, ba ya tambaya, ba ya jiran amincewa. Layin ignoredisk ne ke hana shi taɓa sauran faifan. Idan saba tana da faifai takwas cike da bayanan ɗalibai da ɗaya na babbar manhaja, aka ce a goge duka ba tare da an ware ɗayan ba, takwas ɗin ma sun tafi. Kuma sunaye irin su sda da sdb ba tabbatattu ba ne, suna iya musanyawa daga kunnawa zuwa kunnawa. A sabar da ke da faifai da yawa, ku ambaci faifan da sunansa na dindindin da ke cikin /dev/disk/by-id ko /dev/disk/by-path.

Kafin ku yi amfani da mazubi, ku cike gurabensa ku bi ta kansa da umarnin ksvalidator. Zai kama kuskuren rubutu. Ba zai kama kuskuren tunani ba, wannan aikinku ne.

Kasa sabobi rukuni-rukuni

Sabobin kwalejinmu 24 ba aiki ɗaya za su yi ba. A ce 12 na shafukan yanar gizo ne, 4 na rumbun bayanai, 8 na ajiyar fayiloli. Mai sabon shiga yakan kwafi mazubin sau uku, ya gyara kowanne. Ranar da aka canza kalmar sirri sai ya gyara biyu ya manta na uku, bambancin da aka gudu ya dawo ta taga.

Hanyar da ta fi ita ce a jera bayanan hawa uku.

- Hawan kowa da kowa: yankin lokaci, asusun mai kula, adireshin rumbu, saitin tsaro. Wannan a mazubi ɗaya yake zaune.
- Hawan rukuni: abin da ya bambanta aikin. Sabobin yanar gizo su samu nginx a gurbin $kaya, na rumbun bayanai postgresql-server da rabon faifai na musamman, na ajiya nfs-utils.
- Hawan saba ɗaya: suna, lambar MAC, adireshin IP, sunan faifai. Bai kamata ya wuce haka ba.

Ƙa'idar ita ce kowane bayani a rubuta shi wuri ɗaya tak, a hawan da ya fi kowanne faɗi da zai iya zama. In kuka ga hawa na uku yana kumbura, kowace saba da nata keɓaɓɓen gyara, to rabon rukunin ne bai yi ba, ku sake shi.

Akwai manhajojin da aka gina don wannan aiki. Cobbler, wadda Michael DeHaan ya fara a kamfanin Red Hat, ta kasa aikin gida uku: distro shi ne babbar manhajar, profile rukuni, system kuma saba ɗaya. Foreman, da Ohad Levy ya fara a 2009, tana da rukunai masu gadon juna, ƙaramin rukuni ya gaji saitin babba ya ƙara nasa. MAAS ta kamfanin Canonical ce, masu Ubuntu. A manyan tarin kwamfutocin bincike ana amfani da xCAT da Warewulf. Duk wadda kuka zaɓa, abin da take yi a ƙarƙashi shi ne matakai biyar ɗin da muka bi: tana rubuta saitin DHCP, tana ajiye takardar umarni a TFTP, tana cike guraben mazubi. Wanda ya taɓa haɗa su da hannu ba zai ruɗe ba ranar da manhajar ta tsaya.

Kada ku cusa komai a sashen %post. Aikin mazubi shi ne ya tsayar da saba ta tashi, ta hau layi, mai kula ya iya shiga. Saitin da ke canzawa yau da gobe a bar wa manhajoji irin su Ansible ko Puppet, domin mazubi sau ɗaya yake aiki, ranar girki. Shi kansa mazubin ku ajiye shi a Git, duk gyara a rubuta wanda ya yi da dalilinsa.

Girki daga nesa

Sabobin zamani suna da wata ƙaramar na'ura a ciki, BMC, wadda ke aiki ko an kashe sabar muddin akwai wuta a jikinta. Dell na kiran tata iDRAC, HPE kuma iLO. Ana yi mata magana da ƙa'idar IPMI ko sabuwar ƙa'idar Redfish ta 2015. Umarnin ipmitool chassis bootdev pxe yana gaya wa saba ta tashi ta layi a kunnawa ta gaba kaɗai, chassis power cycle kuma ya kashe ta ya kunna. Da waɗannan biyu ma'aikaci yana Kano zai sake girka sabar da ke Legas. Saboda ƙarfin wannan na'ura, a keɓe mata layinta, a canza kalmar sirrin da ta zo da ita, kada kuma a taɓa buɗe ta ga intanet.

Haɗura huɗu da rigakafinsu

*Sake girki ba da niyya ba.* Idan an bar saba tana fara neman tashi ta layi, takardar umarninta kuma har yanzu tana cewa a girka, duk lokacin da ta sake kunnuwa za ta goge kanta. Ku auna wannan da yanayinmu: an ɗauke wuta da tsakar dare, batiri ya ƙare kafin janareto ya kama, wuta ta dawo, sabobi 24 suka tashi tare, kowace ta tarar da umarnin girki yana jiranta. Rigakafin biyu ne. Da saba ta sanar ta kammala, a cire takardar umarninta ko a mayar da ita ta tashi daga faifai. Cobbler na yin haka da saitin pxe_just_once, Foreman kuma tana fitar da saba daga yanayin gini. Na biyu, fayil ɗin default kada ya taɓa ɗaukar umarnin girki. Abin da ya kamata ya ƙunsa ke nan:

```
default faifai
label faifai
  localboot 0
```

Da haka duk injin da ba a san shi ba, zai koma faifansa lafiya.

*DHCP biyu a layi ɗaya.* In kuka kunna sabar girki a layin ofis inda akwai wata DHCP, kwamfutocin mutane za su fara karɓar adireshi daga gare ku, intanet ta yanke musu. A yi girki a keɓaɓɓen layi, ko suwic daban ko VLAN. In dole ne a zauna layi ɗaya, dnsmasq tana da yanayin wakilci, inda take ba da bayanin tashi kaɗai ta bar rabon adireshi ga mai shi.

*Tonon asiri.* Duk wanda ya soka waya a layin girki zai iya karanta mazubi. Kada a rubuta kalmar sirri a fili; a juya ta da umarnin openssl passwd -6, a saka sakamakon. Mabuɗan sirri da takardun shaida kada su shiga mazubi sam.

*Gaggawa.* Sai an gwada akan san na ƙwarai. Sabon mazubi ko gyararre a fara gwada shi a kwamfutar kwaikwayo, sannan a saba ɗaya ta gaske, sannan biyu ko uku, sannan sauran rukunin. Idan duka suka tashi lokaci guda ma, sabar girkin da suwic na iya gazawa, don haka a sake su kashi-kashi.

Gano matsala

Tunda matakan a jere suke, inda tashi ya tsaya shi ke nuna mai laifi.

- PXE-E51: ba a amsa shelar ba. A duba waya, VLAN, da ko DHCP tana aiki. Idan sabar girki tana wani layi daban, sai an sa na'urar tsakani ta rinƙa miƙa shelar. Wani lokaci kuma suwic ne ke riƙe sabuwar ƙofa kusan daƙiƙa 30 kafin ya buɗe ta, sabar ta gaji da jira. A na'urorin Cisco saitin portfast ke magance wannan.
- PXE-E53: an samu adireshi, ba a samu sunan fayil ba. Layin dhcp-boot ne.
- PXE-E32: TFTP ba ta amsa ba. A duba ko tana kunne, ko katangar tsaro ta toshe ƙofa ta 69.
- Manhajar girki ta tsaya tana tambaya: mazubin bai iso ba, ko akwai amsar da ba a rubuta ba. A duba rajistar sabar HTTP a ga ko an nemi fayil ɗin, a kuma karanta /tmp/anaconda.log a injin da ake girkawa.

Inda za ku yi amfani da wannan ilimi

Bankuna, kamfanonin sadarwa, jami'o'i da cibiyoyin ajiyar bayanai duka suna riƙe da sabobi masu yawa. Dabarar kuma ba ta tsaya kan sabobi ba. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga manyan makarantu gaba ɗaya ta kwamfuta, abin da ya sa zaurukan da ke ɗauke da ɗaruruwan kwamfutoci iri ɗaya suka yawaita a jihohi. Duk inda aka tara injuna da yawa da ake so su zama bai ɗaya, a ɗakin koyon kwamfuta na makaranta ko a babban ofis, ana bukatar wanda ya iya wannan aiki.

Taƙaitawa

Saba marar komai tana samun adireshi da sunan fayil daga DHCP, mai tayarwa daga TFTP, mazubi da manhajoji daga HTTP. Mazubi rubutacciyar shawara ce mai gurabe. Ana jera bayanai hawa uku: na kowa, na rukuni, na saba ɗaya. Layukan goge faifai da fayil ɗin default su ne wuraren da kuskure ya fi tsada, kuma ba a sakin mazubi kan rukuni sai an gwada shi kan ɗaya.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa biyu DHCP ke ba saba mai neman tashi, ban da adireshin IP?
2. Me ya sa ba a aika manyan fayiloli ta TFTP?
3. Wane sunan fayil PXELINUX zai nema wa kati mai lambar 52:54:00:bb:20:07?
4. A wane hawa za ku rubuta waɗannan: yankin lokaci, lambar MAC, manhajar postgresql-server? Ku kawo dalili.
5. Ku bayyana yadda ɗauke wuta zai iya jawo asarar bayanai a wurin da ake girki ta layi, da matakai biyu na hana hakan.
6. Saba ta nuna PXE-E53. Wane mataki ne ya yi nasara, wanne ne ya gaza?

Aikin gwaji

Ku kasu uku-uku. A kwamfuta ɗaya ku buɗe injunan kwaikwayo uku da VirtualBox ko KVM, ku haɗa su a layin cikin gida wanda ba ya fita waje. Na farko ya zama sabar girki. Sauran biyun ku ba kowanne RAM gigabayit 4 da faifai biyu, ku ajiye wani fayil a faifai na biyu. Ku rubuta mazubi ɗaya, ku fitar da kwafi biyu daga cikinsa, ɗaya na rukunin yanar gizo, ɗaya na rukunin ajiya. Bayan girki ku nuna wa malami abu uku: kowane injin ya samu sunansa da kayansa, fayil ɗin faifai na biyu yana nan, kuma an sake kunna injunan ba su sake girka kansu ba.